Wasiƙar Godiya ga Sashen Cututtukan Gaɓoɓi na Asibitin Koyarwarmu

Zuwa ga Shugaban Sashe, manyan likitoci da ma'aikatan jinya,

Assalamu alaikum. A madadin ɗaliban likitanci 'yan aji biyar, ina miƙa muku godiya a bainar jama'a bisa yadda kuka koya mana gane cutar lufus, wadda a cikinta garkuwar jiki ke juyowa ta far wa fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda.

Mun karanta cewa kusan tara cikin goma na masu cutar mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma takan fi tsananta ga baƙar fata. Sai dai yawancin hotunan littattafanmu na fararen fata ne, inda tabon kumatu da karan hanci ke fitowa jajawur. A wajenku muka ga yadda yake yin duhu-duhu a fatarmu, ba a ganinsa sosai har sai an matso da mara lafiya bakin taga. Kun koya mana neman izini kafin a zame ɗankwali a duba zubewar gashi, da haska ganɗa da tocila, domin gyambon wurin sau da yawa ba ya zafi, ita kanta mara lafiyar ba ta san da shi ba.

Abin da ya fi zama a zukatanmu shi ne gargaɗinku game da matar da aka sha yi wa maganin zazzaɓin cizon sauro da taifod ba sauƙi, a gida kuma an ce sanyi ne ko sammu. Irin wannan ita ce za a tambaya ko yatsunta na kumbura, ko rana na tayar mata da ƙuraje, ko ta sha yin ɓari. Kun bayyana mana cewa ƙa'idar 2019 ta likitocin Turai da Amurka ta sa gwajin ANA, wato gwajin jini mai neman sinadaran garkuwa da ke far wa ƙwayoyin jikin mutum kansa, a matakin 1:80 (ya fito ko da an tsarma ruwan jinin sau 80) ya zama sharaɗin farko kafin a sa mutum cikin masu lufus, amma shi kaɗai ba hujja ba ne tunda yakan fito ga masu lafiya, sai an haɗa da alamomi da gwaji irin na anti-dsDNA, wani gwajin jini da ya fi keɓanta da lufus. Haka kuma ba ku taɓa barin wata ta fita ba tare da an duba furotin a fitsarinta ba, gwaji mai araha da ke tona ciwon ƙoda tun ƙafa ba ta kumbura ba.

A fannin magani, mun fahimci cewa haidroksikulorokwin shi ne ginshiƙi, ba a son ya wuce miligiram 5 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, ana duba ido lokaci-lokaci, kuma ba a dakatar da shi saboda juna biyu. Firednisolon kuwa ana rage shi da zarar cutar ta lafa, sannan ana binciken tarin fuka da ciwon hanta nau'in B kafin a fara magungunan danne garkuwa.

Muna kuma gode wa marasa lafiyar da suka amince muka duba su. Allah ya ba su lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Wakilin ɗaliban aji biyar