Autarmu ta sauka

Daura, Jihar Katsina

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da fatan aiki da zafin Jidda sun zo da sauƙi. Shirunmu ya yi tsawo tun babbar salla, kuma ke ma ba ki fita ba, domin saƙonki na ƙarshe bai wuce layi biyu ba.

Albishirinki. Autarmu ta sauka ranar Talata da asuba, an samu mace, har an yi suna an mayar da sunan Inna. Uwa da ɗiya suna lafiya, amma saura ƙiris da wata irin wasiƙar daban zan rubuta miki, shi ya sa nake so ki ji yadda aka yi, tunda ke ce ungozomar da na fi yarda da ita.

Tun cikin yana wata bakwai ta dawo gida goyon ciki, Goggo kuwa ta kafe cewa ɗan fari a ɗaki ake haifarsa. Ni ban iya yi mata musu ba, sai dai na tuna mata da abin da ya faru da Yaya wajen haihuwa, ta yi shiru. A ƙaramin asibitin unguwarmu aka yi awo, inda babu likita ko ɗaya, ungozomomi uku ne ke riƙe da ɗakin haihuwa. Wadda ta fara duba ta ita ce ta ci gaba da duba ta har ƙarshe, ta san hawan jininta, ta san jininta ya yi ƙasa a wata na takwas, ta kuma tsaya a kanta sai da ta shanye maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya karya zuciyar Goggo shi ne yadda aka karɓe ta a daren naƙudar. An bar ta ta shiga ta zauna kusa da yarinyar tana addu'a, ba a hana autar durƙusawa ba lokacin da ta ce kwanciya na wahalar da ita, babu tsawa, babu namiji a ɗakin, kuma bayan komai an naɗe mabiyiya an ba mu muka kawo gida aka binne. Na daɗe ina jin ana cewa jahilci ne ke hana matanmu zuwa asibiti, amma a daren na gane cewa da yawansu wulaƙanci da tonon asiri suke gudu.

Jaririya ta faɗo lafiya, aka yi wa uwar allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, muna ta hamdala, sai jini ya ɓalle. Ungozomar ta riga ta shimfiɗa mata wata leda mai aljihu mai alamun awo, tana ganin jinin ya kai rabin lita ba ta jira komai ba, ta hau murza mata mara, ta ɗaura ruwa, ta ƙara allurai, ta ce a kira direba. A babban asibiti sai da aka ƙara mata jini leda biyu, ƙannen mijinta ne suka bayar. Daga baya ungozomar ta gaya mini cewa wannan dabarar ta fito ne daga binciken da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangarenmu, kuma da aka fitar da sakamakonsa a 2023 an ga mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Na yi ta kallon ledar nan ina tuna zannuwan da aka yi ta canza wa Yaya ana cewa ai jinin haihuwa ne, zai tsaya.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, kuma wannan ne ainihin dalilin rubutuna. Babu wuta a daren, da fitilar wayata aka yi rabin aikin. Ungozomar ita kaɗai ce, tun safe take tsaye, da wata mai naƙudar ta zo a lokacin ban san yadda za ta raba kanta ba. Allurar nan ta tsuke mahaifa kuma kin san sai da sanyi take riƙe ƙarfinta, firji ɗaya ne mai aiki da hasken rana, shi ma na rigakafin yara ne. Mu da muke cikin gari ke nan, balle matan ƙauyukan Baure da Zango da Mai'aduwa, balle na wajen Batsari da Jibiya inda ba a iya fita da dare saboda 'yan bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Waɗanda suka tsira da rai bayan doguwar naƙuda kuwa kin san inda ake kai su, domin yarinyar maƙwabtanmu tana asibitin Babbar Ruga da ke Katsina yanzu haka tana jiran aikin yoyon fitsari, bayan kwana uku da ta yi a kan gwiwa a gida.

Ke da aka tura ƙauye a shirin ungozomomi na 2009 kin san wannan wahalar fiye da ni, kuma ban taɓa ganin laifinki ba da kika tafi. A ganina yawancin haihuwa hannun ungozoma mai haƙuri take buƙata, amma irin wannan ɗakin ba zai amfana ba matuƙar babu mota a ƙofa da jini a gaba. Saboda haka mu matan unguwa mun fara adashi don kuɗin mai, mun kuma yi magana da direbobi biyu na tasha da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Ki gaya mini gaskiya, idan kuɗin suka taru, batirin sola ya kamata mu fara saya ko firji?

Yanzu rigimar da ta rage ta jego ce. Goggo tana so a yi wankan ganye da tafasasshen ruwa da kunun kanwa har arba'in, ungozomar kuma ta ce yawan kanwa da tsananin zafi suna iya taɓa zuciyar mai jego, musamman wadda ta zubar da jini haka. An tsaya a kan ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa, amma ina sa ido. Idan za ki zo hutu ki taho mana da na'urar awon hawan jini ko da guda biyu ce, ki kuma ware wuni ɗaya ki zauna da ungozomomin nan uku na asibitinmu, domin na ba su labarinki. Goggo da mai jego suna gaishe ki, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Daura