Kafin ka tafi taron masu jirgin nan

Assalamu alaikum Babana, ya karatu ya sanyi? Mu nan Kaduna lafiya lau sai ƙurar hunturu. Ummanku ta nuna min saƙonka cewa zaka bi malaminku zuwa Filorida taron masu haɗa jirgi da hannunsu suna saka masa injin rotari, tun jiya ta hana ni sakat wai in hana ka. Ba zan hana ka ba, ka je, amma ka karanta wannan har ƙarshe dan na san halinka in saƙo ya yi tsawo.

Haɗa ƙaramin jirgi daga kayan da aka aiko a akwati ba baƙon abu bane ko a garin nan. Air Beetle da sojan sama suka fito da shi a 1989, wanda suka daɗe suna koyon tuƙi da shi a Mando, ai asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's na Amurka, a nan Kaduna aka harhaɗa su, kuma irin jiragen Van's ɗin nan zaka gani a can. Bambancin shi ne namu injin Lycoming aka saka masa wanda dama dan jirgi aka ƙera shi, su kuwa mutanen naka injin mota suke cirowa, yawanci 13B na Mazda RX-7 ko na RX-8, su gyara su ɗaura. A nan ne hankalina yake.

Injin dai ba na raina shi. Felix Wankel Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, ya fara aiki a kamfanin NSU na Jamus a 1957, Mazda suka karɓa suka riƙe har suka ci tseren motoci na Le Mans da shi a 1991. Ba fistan ba bawul, ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa cikin gidansa, guda biyu a 13B, in ya zaga sau ɗaya shaf ya zaga sau uku, shi yasa ba ya jijjiga sosai, ga shi ƙarami ga ƙarfi. Amma ni da na ƙare rayuwata da sifana a hannu nasan ba injin ne yake fara ba da matsala ba, abubuwan da mutum ya liƙa masa da kansa ne. Injin nan yana son ya juya wajen 6000 a minti, farfela kuwa ba a so ta wuce kamar 2700, dole sai an saka giyabos a tsakani ya rage gudun, to wannan giyabos ɗin ka tsaya a kansa ka tambaya waye ya yi shi, awa nawa ya yi a sama. Sai zafi. Rotari yana zubar da zafi mai yawa ta baƙin mai, saboda haka bayan lagireto na ruwa sai an yi wa man nasa abin sanyayawa, ka leƙa ka ga ta ina iska take shiga ta ina take fita, dan in ya yi zafi ya wuce kima robobin da suke tare ruwa ne suke lalacewa. Salansa ma wuta ce, ga ƙara, ka sayi abin toshe kunne. Zaka ga wasunsu suna zuba mai a cikin fetur kamar yadda muke yi wa ƙaramin janareto, kar ka yi dariya, shi ne yake shafa ƴan ƙarafan da suke bakin kusurwoyin nan uku, su ne a madadin ringi.

Yanzu maganar da ta sa na rubuto. Za a ce maka zo mu ɗan zaga sama, Turawan nan suna da son nuna aikinsu kuma kai ma nasan ranka zai biya. A dokar Amurka jirgin da mutum ya haɗa da kansa dole a rubuta masa EXPERIMENTAL a jiki, kuma in injinsa ba wanda hukuma ta tantance bane yawanci sai ya yi awa 40 na gwaji kafin ya ɗauki fasinja. Ni ko ya cika 40 ɗin bai ishe ni ba. Ka nemi ganin littafin awoyin jirgin, ka tambayi mai shi ko injin ya taɓa mutuwa masa a sama da abin da ya jawo, wanda ya ba ka amsa dalla-dalla ba ɓoye-ɓoye shi ne ya san aikinsa, wanda ya ce bai taɓa samun ko ɗigon matsala ba ka yi masa godiya ka wuce. In malaminku bai yarda da jirgi ba kar ka hau, ko da kowa ya hau. Wannan umarni ne nake ba ka a matsayina na mahaifinka.

Sauran ka sani. Kar ka taɓa farfelar kowa ko injin a kashe yake, kar ka jingina da fiffike, ka nemi izini kafin hoto. Yawancinsu dattawa ne ƴan fansho da suka shekara da shekaru suna abu ɗaya a garejin gida, ka gaishe su ka yi shiru ka saurara, ba wajen nuna digiri bane. Taron ƙarami ne ba kamar na Oshkosh da ake yi a watan Yuli ba inda jirage dubbai suke sauka, kuma ni a ganina ƙaramin ya fi maka, dan za a buɗe maka murfin inji ka gani da idonka. Gashin naman da suke yi ka tambaya na meye kafin ka kai baki, sallah kuma ka samu gefe ka yi abinka.

Ka ɗauko min hoton giyabos ɗin da yadda suka zaunar da lagireto, kusa-kusa yadda zan ga walda, inaso in nuna wa mutanena na Panteka. Ka kira Ummanku kafin ka tashi da kuma in ka dawo, kar ka ce mata komai a kan awa 40. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare ya yi maka albarka.

Babanka