Zuwa ga Uwata, kan gorar nan ta ƙarƙashin gado

Assalamu alaikum Uwata,

Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ya jego, ya ƙwarin jiki?

Ƙanwarki ta dawo mini da labarin da ya hana ni barci. Wai sipirit ɗin da kike goge wa jaririya cibiya kin juye shi a gorar ruwa, kin tura ƙarƙashin gado. Haba Uwata! Da hankalinki? Abin nan fari ne tas, ido ba ya raba shi da ruwa, angona kuwa tunda ya fara tafiya duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Cikin waɗanda ake sayarwa a kemis akwai masu sinadarin metanol mai guba. Kurɓa kaɗan na metanol kan iya makantar da babba, har ta kai shi kabari, balle ɗan ƙaramin yaro. Kuma ba nan take yake nuna kansa ba. Sai an ɗau sa'o'i, kina cewa ya tsira, sannan amai ya taso, gani ya dushe. In tsautsayi ya sa ya sha, Allah ya kiyaye, kar ki zura masa yatsa don ya yi amai, kar ki tsaya neman manja ko madara. Ku ɗauki gorar ku nufi asibiti.

Na san za ki ce ai ni ma da shi na goge cibiyoyinku. Haka ne, amma nawa yana cikin kwalbarsa, a kwaba, makulli na ɗaure a bakin zanina. Ku ka ce na cika tsanani, to ga ku nan da idanunku. Yanzu ma a asibiti man kulohezidin suke bayarwa na cibiya, ki tambayi ungozomarku.

Ki nisanta shi da kaskon turaren wuta, don yana kamawa fat ɗaya, da rana ma da ƙyar ake ganin harshen wutarsa. Kar ki shafe yaro da shi don zazzaɓi, fata na tsotsewa. Buɗaɗɗen ciwo kuwa ruwa da sabulu sun fi masa. Kar kuma ki gauraya shi da Hypo. Ki bar shi ga goge almakashi da abin yanke farce.

Kar ki ji haushin ƙanwarki, ni na matsa mata da tambaya. Na san jego ga goyo ga girki ba wasa ba ne, Allah ya yi miki albarka. Na ba direba yaji da daddawa. Babanku na gaishe ku. Ki kira ni yau, in ji da bakinki cewa kin zubar da gorar.

Mahaifiyarki