Wasiƙar godiya ga wani shagon kayan gyaran mota na Maraɗi

Assalamu alaikum, Alhaji, tare da yaran shagonka baki ɗaya.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin na ga godiyar baki ba za ta biya abin da kuka yi mini ba, lokacin da nake neman buwat, wato akwatin giya, ta hannu wadda zan sa wa tsohuwar a-kori-kurar mahaifina, Peugeot 504, da na ƙuduri niyyar tayarwa bayan ta daɗe a kafe. Peugeot 504 tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, an kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa kayanta ba su yanke a ƙasar Hausa ba, amma mafi yawansu sun sha wuya kafin su iso hannun mai saye.

Buwat uku ka sa aka fito mini da su. Biyu samfurin da ake kira BA7 ne masu giya huɗu, ɗaya an shigo da ita ta Kwatano, ɗaya kuma an ciro ta daga motar haya da ta yi zamani a hanyar Tasawa. Ta ukun mai giya biyar ce, daga Peugeot 505. Zuciyata ta karkata ga ta motar hayar saboda araharta, kuma da ka yi shiru da a ranar na biya. Sai ka sa yaro ya kwance murfin zubar da mai a gaban makanikena, muka ga man yana ƙyalli da garin tagulla, ka bayyana mana cewa zobban da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga ne suka cinye, kuma giya ta biyu za ta fara ƙara tun ba a yi wata guda ba. Daga nan ka juya sandar gaba, wato ƙarfen da ke haɗa buwat da inji, da hannunka a kowace giya, ka girgiza ta domin mu ji wasan da ke cikinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka hana ni ɗaukar mai giya biyar, alhali ita ce mafi tsada kuma ribarka a kanta ta fi yawa. Ka tambaye ni aikin da motar za ta yi, na ce dakon gero da wake ne tsakanin ƙauyukan Madarumfa da kasuwar gari. Ka ce giya ta biyar amfaninta rage shan mai a doguwar kwalta, kamar zuwa Damagaram, mai nauyin kaya a cikin rairayi kuwa ba zai taɓa ta ba sai nadiri, ga kuma kuɗin gyare-gyaren da za a ƙara kafin ta zauna daidai.

Na ɗauki ta Kwatano, bisa sharaɗin in mayar da ita cikin mako guda idan ta nuna aibi, sharaɗin da kai ka kawo shi ban roƙa ba. Yau wata huɗu ke nan motar tana aiki, giya tana shiga ba gardama ko da sanyin asuba.

Allah Ya yi wa kasuwarka albarka, Alhaji, Ya saka wa yaranka da alheri, musamman wanda ya ɓata hannunsa da baƙin mai har sau uku ba tare da ya ɓata fuska ba.

Naka,
wani mai dakon hatsi daga unguwar Zariya, Maraɗi