A gyara zaman aji kafin a ƙara darasin zaman lafiya

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in sa baki a maganar koya wa yara haƙuri da mutunta juna a makarantun gwamnati. Duk sanda fitina ta tashi tsakanin ƙabilu ko mabiya addinai, sai ka ji an ce a sa darasin zaman lafiya cikin manhaja. Niyyar tana da kyau, kuma ta daɗe: tun 1948 sashe na 26 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aikin ilimi ne ya ƙarfafa fahimta da haƙuri da zumunci tsakanin al'ummai da launuka da addinai. Amma a ganina, in aka tsaya a kan darasi ɗaya a mako da littafi da jarrabawa, aikin bai yi nisa ba. Yaro zai haddace cewa mutane duk ɗaya ne, ya ci maki mai kyau, da an fita hutu ya koma cikin nasa, har ya gama makarantar bai taɓa aron alƙalami a hannun ɗan wancan ɓangaren ba.

Wasu kuma suna ganin haɗa yaran a aji ɗaya ya wadatar. Wannan ma da sauran magana, domin zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 sansanin hutu a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya sa musu gasa da kyautar da ɓangare ɗaya ne kaɗai zai ci. Ba a jima ba sai zage-zage, da ƙona tutar juna, da kai hari ɗakin kwana. Abin lura shi ne yaran nan duk launinsu ɗaya, addininsu ɗaya, gidajensu ma kusan matsayi ɗaya. Rabawar da gasar kawai suka haifar da gabar. Da aka haɗa su cin abinci da kallon fim don su shirya, sai suka koma jifan juna da abincin. Ba su sauko ba sai da ruwan sansanin ya yanke, dole kowa ya fita neman inda matsalar take, sai kuma motar da za ta ɗauko musu abinci ta ƙi tashi, suka kama igiya ɗaya suka ja ta. Masu binciken ne suka shirya waɗannan matsaloli da gangan, kuma an soki yadda suka yi wasa da yaran, amma abin da aka gani a wurin ya dace da abin da Gordon Allport na jami'ar Harvard ya rubuta a wannan shekarar: cuɗanya tana rage ƙyama ne idan ɓangarorin sun haɗu a matsayi ɗaya, suna neman abu ɗaya, suna buƙatar juna wajen samunsa, kuma mai iko a wurin yana bayan haɗuwar.

To, a duba ajin da muka saba da shi. Malami ya yi tambaya, hannuwa su tashi, mutum ɗaya ya samu yabo, wanda ya kasa a yi masa dariya. Gasa ce daga safe har tashi. In yaron da ya kasa ɗan wata ƙabila ce da harshen koyarwa ba nasa ba, dariyar ba ta tsayawa a kansa, sai ta hau kan mutanensu duka. A 1971, bayan an haɗa yara baƙaƙe da farare da 'yan asalin Meziko a makarantun birnin Austin na jihar Teksas rigima ta yi yawa, sai wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, da ɗalibansa suka gwada wata dabara mai sauƙi. Aka kasa ajin zuwa ƙananan rukunai na yara biyar ko shida, a cakuɗe, aka yanka darasin gunduwa-gunduwa, kowane yaro aka ba shi tasa ya koya wa sauran, jarrabawa kuma a kan darasin gaba ɗaya. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa ba'a kansa ya cuta, tunda amsar da yake nema tana bakin wanda ya raina. Wannan dabara ba ta neman sabon gini ko sabon littafi, a darasin lissafi ko kimiyya ma ana iya yin ta. Malamin da ya iya ta take nema, kuma nan ne ya kamata kuɗin su tafi.

Maganar malami ita ce ta fi damuna. Yara suna kallon wanda ake kira ya amsa tambaya, wanda ake ba shugabancin aji, wanda ake yi wa uzuri in ya makara, da sunan wanda malami ya ƙi koyon furtawa daidai shekara guda cur. Waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994 sun sha ba da labarin yadda tun kafin lokacin malamai kan ce 'yan Tutsi su miƙe tsaye a aji, sannan 'yan Hutu, ana ƙirga su. Malamin da ke wasa da zagin wata ƙabila a ofishin malamai, ka ba shi littafin zaman lafiya ya karanta wa yara, za su gane wanne ne na gaske cikin biyun.

Akwai iyayen da ke tsoron cewa da sunan haƙuri za a koya wa 'ya'yansu cewa duk addinai ɗaya ne, ko a sa su jin kunyar nasu. Bai kamata a raina wannan tsoro ba, kuma makarantar da ta yi hakan ta wuce gona da iri. Ba a neman yaro ya yarda da aƙidar abokin zamansa. Abin da ake nema ya san ta daga bakin masu ita maimakon daga bakin masu zaginta, ya iya cewa "ban yarda ba" ba tare da cin mutunci ba, ya kuma tsaya wa abokin nan in an zalunce shi.

Raba makarantu shi ne abin da manya kan gudu zuwa gare shi bayan rikici, kuma warware shi yana da wuya. A Ayalan ta Arewa an buɗe makarantar Lagan a 1981 da yara 28, 'yan Katolika da 'yan Furotesta tare, amma har yau yaran da ke irin waɗannan makarantu na haɗaka ba su kai kashi goma cikin ɗari ba, duk da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 da aka yi don kawo ƙarshen rikicin ɓangarorin biyu. A Bosniya, bayan yaƙin 1992 zuwa 1995, an samu makarantu biyu ƙarƙashin rufi ɗaya, 'ya'yan Musulmi da na Kuroshiyawa kowa da ajinsa da manhajarsa da nasa tarihin. A garin Jajce ɗaliban sakandare ne da kansu suka yi ta zanga-zanga har aka fasa raba musu makaranta a 2017.

Saboda haka roƙona ga ma'aikatun ilimi shi ne su fara daga kwalejojin horar da malamai, su sa aikin rukuni a cakuɗe cikin kowane darasi, su kuma yi doka bayyananna a kan zagin ƙabila ko addini wadda za ta hau kan malami kamar yadda za ta hau kan ɗalibi. Sufeto in ya zo duba makaranta, bayan rajista da kundin darasi, ya tsaya lokacin hutu ya ga su wa ke wasa da su wa.

Na gode, Malam Edita.

Naka,
Wani mai karatu