Godiya ga Baba mai shagon littattafai na Sabon Garin Zariya

Assalamu alaikum Baba, da yaran shago baki ɗaya.

Na zaɓi in rubuta wasiƙar nan a bainar jama'a ne domin in na zo gabanku kunya ba za ta bar ni in faɗi rabin abin da ke raina ba. Ina kuma so 'yan'uwana masu sha'awar rubutu a Zariya su san cewa akwai inda ake karɓar mutum hannu bibbiyu.

Da can hayar littafi kawai ke kawo ni shagonku. Ranar da al'amarin ya sauya, na mayar da wani littafi ne ina ta ƙorafi. Marubuciyar ta sa an kori 'yar aikin gidan a tsakiyar labari bisa zargin satar ɗan kunne, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba har aka kai ƙarshe. Kwana uku yarinyar nan tana raina: ina ta kwana a daren? Wa ya ba ta kuɗin mota? Kuka ajiye biron da kuke rubuta sunayen masu haya, kuka dube ni ta saman tabarau, kuka ce, "To 'yata, ke ki bi bayanta mana, ki gano mana inda ta shiga."

Na ce ai ba labarina ba ne. Sai kuka miƙa hannu kan kantar sama kuka sauko da Magana Jari Ce, wani kwafi da bangonsa ya sha liƙi. Kuka tuna mini cewa a garin nan namu Abubakar Imam ya rubuta shi ƙarƙashin Hukumar Talifi, aka fara fitar da shi a 1937, kuma da yawa daga labaran ciki ya ɗebo su ne daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya yi musu riga da wando na Hausa. Kuka kuma tambaye ni wa ya mallaki Gizo da Ƙoƙi, alhali kowace kaka da irin nata ƙarin gishirin. A ranar na gane cewa abin da matasa ke kira fan fikshin, mu kuma a shagon muke ce masa labarin ɗori, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai karatu ne ke ɗaukar taurarin littafi ko fim ɗin da ya shiga ransa, ya ci gaba da su daga inda aka tsaya.

Ban manta da shawarwarinku ba, kuma ga duk mai son farawa zan maimaita su. Kun hana ni tsara littafi mai babi talatin. Kun ce in rubuta fage guda tak: yarinya tsaye a ƙofar gida da ƙullin kayanta, magariba ta kawo jiki. Kun ce in sake karanta littafin da biro a hannu, ina lura da yadda take magana, wa take yi wa "ranki ya daɗe", wa take kasa haɗa ido da shi, domin masu karatu sun riga sun san ta, in na sauya mata hali ba dalili za su ajiye. Wannan shi ya fi ba ni wuya. Sau huɗu ina sa ta mayar da martani mai zafi, ina dawowa ina gogewa, don yarinyar asali ba mai yawan magana ba ce. Da na kakare a maganar tasha, kuka ce in buɗe kunne duk ranar da na bi ta Kwangila. A nan na ji wata mai tallar gyaɗa tana roƙon kwandasta ya rage mata kuɗin Kano, kuma daga bakinta na samo muryar da nake nema.

Sai batun amana, wanda kuka nanata har sau biyu. In rubuta sunan littafin asali da na mai shi a saman shafin farko, kuma kada in sayar, domin taurarin ba nawa ba ne. Ranar da na so cin kuɗin rubutu, in ƙirƙiri nawa mutanen. A yadda ake yawo da littattafan mutane a WhatsApp ana goge sunayensu, wannan magana ta zauna mini sosai.

Yayanmu mai kwamfuta ma ya cancanci godiya ta musamman. Shi ya nuna mini yadda zan sa ƙ da ɗ da ɓ a allon wayata, bayan ya gano na rubuta baki a inda nake nufin baƙi. Ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar buga mini shafuka shida, ya sake aikin daga farko bai ƙara mini ko sisi ba.

Yanzu na kai babi na tara, ina rubuta layuka kaɗan kullum bayan sallar asuba, kuma na fara sakawa a Wattpad, manhajar da marubuta ke saka labaransu don a karanta. Yarinyar tana Kano, a gidan wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, ba a kuma wanke ta daga zargin ɗan kunnen ba tukuna.

Allah Ya saka muku da alheri, Baba, Ya ƙara buɗi a kasuwa, Ya ƙara lafiya da nisan kwana. In sha Allahu ranar Asabar zan shigo da littafin rubutun nan mai shuɗin bango da kuka ba ni kyauta. Saura shafi uku ya cika, kuma ina so ku fara dubawa kafin kowa.

Taku,
'Yarku daga Tudun Wada, Zariya