Ana ce mini ƙazama alhali bango ne yake shan ruwa

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Raina a ɓace yake nake rubuto miki. Surukata ta shigo ɗakina, ta toshe hanci da mayafi, ta ce a gaban baƙi wai ɗakin mace mai tsafta ba ya irin wannan wari. Maigidana yana wurin, bai ce uffan ba. Anti, warin nan na rima ne da fumfuna, kuma duk wanda ya zauna inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, iska kullum a jiƙe, ya san shara da goge-goge ba sa taɓa shi.

Bari in yi miki bayani don kar ki ɗauka ban san abin da nake yi ba. Fumfuna danshi take bi. In danshin iskar ɗaki ya wuce kashi 60 cikin 100 ya zauna a haka, to ta samu wurin zama, kuma duk abin da ya jiƙe ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, ta fara kama shi. Ina da ƙaramar na'urar auna danshi, tana nuna mini sama da 70 ko da rana tsaka. Na nuna wa maigidan, ya ce na cika son bin diddigi.

Babu abin da ban yi ba. Na janye gado da sif daga jikin bango, na bar tazarar kamar tafin hannu don iska ta ratsa bayansu, domin can ne fumfuna take fara yin baƙi-baƙi ba a gani. Na naɗe kafet na fitar da shi gaba ɗaya. Katifa ina jingine ta a rana duk lokacin da rana ta leƙo, kuma na ɗora ta a kan katakon gado mai ratsi-ratsi, don in ta kwanta a ƙasa gindinta ne yake fara wari. Tayil da bangon banɗaki ina wanke su da bilic, kofi ɗaya a ruwa lita huɗu, taga a buɗe, da safar hannu. Cikin sif da katako kuwa farin khal nake fesawa ba tare da na sirka ba, in bar shi awa guda, in goge, in kunna fanka a kai har ya bushe ƙarau, saboda bilic saman katako kawai yake mayarwa fari, saiwar fumfunar tana ciki, ruwan da ke cikinsa ma ƙara jiƙa wurin yake yi. Kuma ban taɓa haɗa bilic da khal ba, na san iskar da suke fitarwa guba ce. Wata ƙanwar maigidana ce ma ta ba ni shawarar in haɗa su wai ya fi ƙarfi, ita da take cikin masu yi mini dariya.

Na zuba gawayi a tsohuwar safa na rataye a sif, na ajiye bekin soda a buɗaɗɗen kwano a ƙasan gado ina canzawa. Waɗannan wari suke ragewa, ba sa busar da ɗaki, na sani. Taga ma ba kullum nake buɗewa ba. In ana ruwa ko da asuba, buɗe ta shigo da laima ne kawai, sai rana ta take nake buɗe biyu masu kallon juna. Ba na shanya a cikin ɗaki, ba na ninke kaya sai sun bushe sarai. Magudanar ƙasan banɗakin da ba a amfani da shi ina zuba mata ruwa, don in ruwan da ke lanƙwasar bututun ya ƙafe, warin kwata ne yake dawowa cikin gida. Na'urar sanyaya ɗaki na wanke ragarta, na sa an buɗe bututun da take zubar da ruwa da ya toshe.

Ita kuwa surukata maganinta ɗaya, in ƙara turare. Turare a kan warin fumfuna rufewa ne na ɗan lokaci, sai su haɗu su ba da wani wari da ya fi na farko hawa kai.

Na manta ban faɗa miki ba, gidan haya ne, kuma a ƙasa muke. Bangon ɗakin kwana daga ƙasa zuwa kusan ƙugu fenti yana kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, in ka dafa sai ka ji sanyi. Wannan ruwa ne yake hawowa daga ƙasa, ko kuma wanda yake zubowa daga rufi yana taruwa a gindin bangon ta waje, don babu magudanar da za ta kai shi nesa. Silin ma akwai tabo ruwan ƙasa a kusurwa. Mai gidan hayar, mutumin da ba ka ganinsa sai lokacin karɓar kuɗi, ya turo mai fenti ya shafe wurin ya tafi. Fenti a kan jiƙaƙƙen bango ai ɓarewa zai sake yi, ga shi kuwa ya fara. Aikin na magini ne: a gyara yoyon rufi, a kawar da ruwa daga gindin gini, a kankare filastar da ta lalace, a bar bango ya bushe kafin a sake shafe. Silin ɗin da ya sha ruwa cire shi ake yi, ba ya wankuwa. Da na faɗa masa haka, cewa ya yi waɗanda suka zauna kafin mu ba su taɓa ƙorafi ba. An bar jaki ana dukan taiki, kowa ni yake kallo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, yarona yana da asma, tarinsa ya ƙaru da dare, kuma fumfuna tana tayar da ita. Na mayar da shimfiɗarsa falo. Wurin da ya yi baƙi a bayan sif ya fi murabba'in mita ɗaya, irin wanda ake cewa a kira masu aikin, kar mutum ya kankare da kansa ƙurar ta bazu a gida.

Ina tunanin sayen na'urar tsotse danshi, in rufe ƙofa da taga in kunna ta har ma'auni ya sauko wajen 50, amma ina tsoron in kashe kuɗi bangon yana ci gaba da shan ruwa. To Anti, in saya ko in dage mu tashi? Kuma yaya zan yi da maigidana da ya ga bangon nan da idonsa, ya san gaskiya, amma ya kasa buɗe baki ya faɗa wa mahaifiyarsa? In na je na yi mata bayani da kaina za a ce na yi rashin kunya. In kira ta in janye sif ɗin ta gani, ko in bar shi ya yi magana?

Taki,
wata 'yar'uwa.